Ƙaryar da Na Yi da Bakin Mahaifinta

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, sai in fara in yaga takardar. Ina roƙo kada a nemi sanin sunana ko na waɗanda zan ambata, don ba su yi laifin komai ba.

A lokacin da labarin ya fara shekarata talatin da uku, kuma ban daɗe da dawowa gida Nijar ba. Ni haifaffiyar Malbaza ce, mahaifina direban babbar mota ne. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, na fi kowa tsawo a ajinmu, har mazan, yara suna yi mini waƙa suna kirana poton lantarki, wato dogon turken wayar wuta. Wani malamin wasanni da aka kawo garinmu daga yamma shi ya fara sa mini ƙwallon kwando a hannu, ya ce tsawon nan da nake jin kunyarsa arziki ne. Daga nan aka kai ni Yamai karatu da wasa, na sa rigar ƙasa, sannan wani kulob na wata ƙasar gaɓar teku ya ɗauke ni. Shekara shida na yi can ina cin abinci da wasa, ina shiga jirgi, ana kiran sunana a lasifika. Rana ɗaya, a tsakiyar wasa, na yi tsalle na dira, na ji wani abu ya tsinke a bayan ƙafata kamar an buge ni da sanda. Agarata ce. An yi aiki, na warke har ina tafiya ba ɗingishi, amma tsallen ya tafi ke nan. Kulob ɗin ya sallame ni da kalmomi masu daɗi, na tattara kayana na dawo.

Na sauka Birnin Ƙonni wurin yayata, wadda mijinta ke aikin buro, wato ofis, a can. Shi ne ya samo mini aikin horar da 'yan mata a wani kwaleji. Filin siminti ne da ya tsattsage, kwando ɗaya ya karkace, ɗayan ba raga, ƙwallo uku gare mu kuma ɗaya kullum sai an ba ta iska. Yara suna kirana Madam, iyaye suna girmama ni, yayata tana cewa in gode wa Allah in zauna. Amma zama ya gagare ni. Ko a lokacin horo ba na iya zama kan benci, sai dai in yi ta kai da komo a bakin fili. In na dawo gida, kafin in gama cin abinci na duba salula sau biyar ko wani daga Yamai ya kira. Na rubuta takardun neman aiki ga duk kulob ɗin da na sani. Duk motar da na ga ta ɗauki hanyar yamma sai in bi ta da kallo. Gani nake an ajiye ni a Ƙonni bisa kuskure, kuma kowace rana da ta wuce ana ƙara mantawa da ni.

A cikin wannan hali na sami yarinyar. Wata rana da la'asar ƙwallo ta tsallake katanga, sai ga wata doguwar yarinya tana wucewa da bokitin ruwa a ka. Ba ta sauke bokitin ba, ta miƙa hannun hagu ta cafe ƙwallon, ta wurgo mana ita daidai ƙirjina. Na bar yaran a fili na bi ta har gidan da ta shiga. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Dogarawa, tana zaune wurin goggonta saboda karatu, shekararta goma sha huɗu. Goggon ta ce ita ba ta da ikon yarda, sai an tambayi uban. Na shiga motar haya ranar kasuwa na je na same shi. Manomi ne mai 'yan shanu, mutum mai ƙarancin magana. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni abu uku: ko za ta rufe jikinta in tana wasa, ko za ta yi salla kan lokaci, ko karatunta ba zai lalace ba. Na ba shi tabbaci. Ya ce to ya ba ni amanarta, kuma duk abin da ya taso game da ita in zo in faɗa masa da bakina, kada ya ji a wurin wani.

Shekara uku na yi ina horar da ita, kuma ban taɓa ganin mai koyo kamarta ba. Abin da na yi wata shida ina koyo a Yamai, ita cikin sati biyu ta riƙe shi. Bahaguwa ce, masu tsaron ta ba sa gane ta inda za ta bi. Ba ta da surutu, ba ta da girman kai, in ta ci ƙwallo sai ta sunkuyar da kai ta koma baya da gudu. Saboda ita muka fara cin wasanni a Malbaza da Illela, har mutanen gari suka fara zuwa kallo suna zama kan katanga. Ina sonta, wannan gaskiya ne, kuma ina so masu karatu su yarda da ni. Na saya mata takalmi, na koya mata yadda za ta kula da gwiwoyinta, in ta yi zazzaɓi ni ke kai ta likita. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin son da ban yarda na kalla ba. Na fara ganinta a matsayin hanyar da zan bi in fita daga Ƙonni.

A shekara ta uku aka shirya gasar jiha a Tawa lokacin hutun lakwal. Na sami labari cewa shugaban wani babban kulob na Yamai zai zo kallo, kuma yana neman mace da za ta taimaka wa kocinsu. Tun daga ranar na daina cin abincin kirki. Na ƙara lokacin horo, na riƙa zana dabaru a bayan takardun yaran yayata. Na san cewa da yarinyar nan za mu iya cin kofin, ba ita kuwa ko zagaye na biyu ba za mu kai ba.

Saura sati uku gasar, wata tsohuwar ƙawata ta kira ni. Tare muka sa rigar ƙasa, ɗaki ɗaya muke kwana in an yi tafiya, kuma a lokacin tana cikin masu zaɓen 'yan wasan ƙasa na matasa. Ta ce ta ga bidiyon wasanmu na Illela da wani ya ɗauka a salula, kuma ta kasa daina kallon bahaguwar nan. Ta ce za a buɗe sansanin zaɓe a Yamai, tana so in turo ta, za su ɗauki nauyin mota da masauki, akwai mata masu kula da yaran. Na tambayi ranar. Kwana uku ne kafin gasar Tawa, kuma sansanin sati biyu zai yi. Ta ƙara da cewa in yi sauri, don yarinyar tana da sha bakwai, baɗi shekarunta sun wuce. Na yi dariya, na yi godiya, na ce bari in je in ga mahaifinta.

Kuma na tafi, Allah ya sani na tafi. Washegari da safe na shiga motar Dogarawa da niyyar faɗa masa. Na sauka a tasha, masu kabu-kabu suka taso suna tambayar inda za ni. Na ce su dakata. Na zauna a kan wani benci ƙarƙashin dogon yaro, na sayi fura na riƙe ban sha ba. Daga nan zuwa ƙauyensu bai kai tafiyar minti ashirin a kan babur ba. Na tashi, na zauna, na zagaya tashar, na sake zama. Ina ta gaya wa kaina cewa yarinyar ba ta gama nuna ba, cewa a Yamai za su raina ta don 'yar ƙauye ce, cewa in na sami aikin can ni da kaina zan jawo ta ta hanyar da ta fi kyau. Na kuma ce wa kaina ai wataƙila ma uban ba zai yarda ba, to mene ne bambanci. Har aka kira azahar ina wurin. Na yi salla a bayan wata rumfa, na shiga motar Ƙonni na dawo.

Da yamma na kira ƙawata na ce mahaifin ya ƙi. Abin da ke ba ni tsoro har yau shi ne yadda maganar ta fito mini a sauƙaƙe. Har ƙari na yi. Na ce ya ce 'yarsa ba za ta kwana a wani gari ba tare da muharrami ba, na ce ya ɗaure fuska, na ce da ƙyar ya bar ta ta ci gaba da wasa a nan ma. Ƙawata ta ji haushi ƙwarai, ta ce in ba ta lambarsa ta roƙe shi da kanta. Na ce kada ta soma, mutum ne mai zafin zuciya, in aka matsa masa zai cire ta daga lakwal gaba ɗaya. Ta ce Allah ya kyauta, haka iyaye ke kashe mana yara. Na ce amin.

Satuttukan da suka biyo baya na zama wata iri. Ba na iya haɗa ido da yarinyar, sai na riƙa yi mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. In ta yi kuskure ɗaya sai in sa ta zagaye fili sau goma. Wata rana bayan horo ta tsaya har kowa ya watse, ta tambaye ni a hankali ko ta yi mini wani laifi ne. Na ce babu, gasar ce ta dame ni. Ta ce kada in damu, in Allah ya yarda ba za ta ba ni kunya ba. Na juya na yi kamar ina tattara ƙwallaye.

A Tawa ta yi wasan da ban taɓa ganin ta yi ba. Muka cinye wasa bayan wasa. Ranar da za a yi na ƙarshe, da safe muna karyawa a harabar makarantar da aka sauke mu, ta zo ta tsuguna gefena, idonta ya yi ja. Ta ce kocin wata ƙungiya ya tare ta yana yi mata jaje, wai ya ji an kira ta sansanin ƙasa babanta ya hana. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. A nan ne Allah ya ba ni dama ta biyu. Sansanin bai ƙare ba, da na faɗi gaskiya na kira ƙawata, wataƙila da an karɓe ta ko a makare. Na kalle ta, na kalli agogo, saura awa uku wasa, shugaban kulob ɗin nan kuma na riga na gan shi a gari. Na dafa kafaɗarta na ce gaskiya ne, na je na roƙe shi ya ƙi, na ɓoye mata ne don kada ranta ya ɓaci. Na ce ta yi haƙuri, iyaye ba a ja da su, kuma kada ta tayar masa da maganar don kada ya hana ta wasan baki ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce to, ta tashi ta je ta ɗaure takalminta.

Mun ci kofin da maki uku, kuma ita ta jefa ƙwallon ƙarshe. Aka ɗaga ni sama, aka yi ta guɗa. Shugaban ya same ni a bakin fili ya ce ya ga aikina, in zo Yamai bayan damina. Abin da na shekara uku ina nema ya zo hannuna, kuma ban ce a'a ba. Na yi wa yaran alkawarin za a kawo musu wani koci, na yi wa yarinyar alkawarin zan neme ta da zarar na zauna da gindina. Na tafi.

Na ɗauka in na isa Yamai hankalina zai kwanta. Bai kwanta ba. Cikin shekara ɗaya na sake ɗaki sau uku, kowanne sai in ce zafi ko hayaniya. Fili mai kyau, ƙwallaye cike da buhu, amma ina tsaye ina ba da umarni zuciyata na wani wuri. Wani lokaci 'yan wasan ƙasa na matasa sukan zo horo a filinmu, sai in tsaya ina kallon wadda aka ɗauka a gurbin da yarinyata za ta tsaya. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma ba ta kama ƙafarta ba. In na ga haka sai in ce kaina na ciwo in fita. Maganar jawo ta kuwa, na tayar sau ɗaya, aka ce kulob ba ya ɗaukar yaran da ba su da masauki a gari, ban sake tayarwa ba, don ina tsoron ta zo ta haɗu da ƙawata su yi hira. Daga Ƙonni yayata ta gaya mini ba a kawo kowa ba a madadina, yaran sun watse, awaki ke kwana a filin. Yarinyar ta kira ni sau biyu ko uku tana gaishe ni, ina amsawa a gaggauce in ce zan kira, har ta daina.

Na kusa shekara biyu a can lokacin da asirina ya tonu. An tura ƙawata rangadin neman 'yan wasa a jihar Tawa. Da motarsu ta iso Dogarawa sai ta tuna, ta ce bari ta ratse ta ga mutumin nan da ya hana 'yarsa, ko don ƙannenta masu tasowa ta yi masa nasiha. Ranar da ta dawo ta same ni a fili da hantsi, ta jira har na sallami 'yan wasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta je ta yi wa dattijo gaisuwar da ba ta dace ba, ta fara yi masa faɗa a gaban iyalinsa, shi kuwa yana kallonta bai san abin da take nufi ba. Ta ce ya rantse mata ba wanda ya taɓa zuwa masa da maganar Yamai. Na buɗe baki zan yi wata ƙaryar, ta ɗaga hannu ta ce kada in ƙara. Ta ce ba za ta kai ni gaba ba, ba za ta gaya wa shugabana ba, amma daga yau kada in sake kiran ta ƙawa sai na je na tsaya gaban mutumin nan da ƙafata. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba: tun daga gasar Tawa yarinyar ba ta sake zama gidansu ba.

Kwana huɗu na yi ina sayen tikiti ina fasawa. A na biyar na shiga mota. Damina ce, gero ya kai gwiwa, na same shi a gona yana noma da 'ya'yansa. Da ya gan ni ya jingine hauyar, ya ce su ci gaba, muka koma ƙarƙashin wata bishiya a bakin gonar. Na durƙusa na faɗa masa komai, har zaman da na yi a tashar Dogarawa. Sannan ya yi magana, kuma kalmominsa ba za su bar kunnena ba.

"Malama, da kin iso gidan ga ranar nan, ni da kaina za ni kai ta tasha. Na ce miki ki zo ki faɗa mini, ban ce miki ki amsa a madadina ba. Kin ɗauki bakina kin yi magana da shi, ni ban sani ba."

Ya ce shi ba ƙwallon ke damunsa ba, bai ma san yadda ake buga ta ba. Ya ce ɗiyarsa ce, wadda a da in an ba da hutu tun kafin mota ta tsaya take kiran Baba, ta koma in ta zo sai ta gaishe shi daga bakin ƙofa kamar baƙuwa, ta kwana biyu ta koma wurin goggonta. Sallah ta wuce ba ta zo ba, wata ta sake wucewa. Da bazara ya yi ciwo, ya kwanta har sati uku, sai dai ta yi masa sannu ta salular uwarta. Ya ce ya bincika kansa ya rasa abin da ya yi mata, har ya je wurin limamin ƙauye ya tambaya ko akwai haƙƙinta da ya danne bai sani ba. Ita kuma kunya da tarbiyya sun hana ta tambayarsa, ga kuma gargaɗin da na yi mata. Ya ce sai da baƙuwar nan ta Yamai ta zo tana faɗa ya gane daga ina ciwon ya shigo gidansa. Na roƙe shi gafara ina kuka. Ya ce nasa ya yafe don Allah, amma in je in faɗa wa ɗiyarsa da bakina, don ya aika mata ta goggonta, kuma bai tabbata ta yarda ba. Tana ganin kamar kare kansa yake yi.

A lokacin ta shiga makarantar koyon aikin jinya, an tura ta gwajin aiki a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a Badaguishiri. Na isa da safe, na zauna cikin layin mata masu awon ciki har ta fito. Ta ƙara tsawo, ta rame kaɗan, farar riga a jikinta. Da ta gan ni fuskarta ta washe, ta ce Madam, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Wannan murnar ta fi komai yi mini ciwo. Na ce ina son magana da ita, ta nemi izini, muka zagaya bayan ginin inda ake shanya zannuwa. Na faɗa mata. Na ce babanta bai taɓa hana ta ba, bai ma sani ba, ni ce na hana ta saboda ina son kofi da aikin Yamai. Ta saki hannuna. Ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata Baba bai sani ba. Na ce bai sani ba. Ta jingina da bango ta rufe fuskarta da mayafi, tana kuka. Da ta buɗe fuskar ta ce:

"Madam, da kin ce mini in zauna in buga miki Tawa, wallahi da na zauna. Ke kika koya mini komai. Amma kin bar ni ina jin haushin Babana shekara biyu, yana kwance ba lafiya ban je ba."

Ta share hawayenta, ta ce marasa lafiya na jiranta, ta shiga. Na ji daga baya cewa a ranar, da aka tashi aiki, ta nemi babur ta tafi ƙauyensu.

Na koma Yamai na ƙarasa shekarar, sannan na ajiye aikin. Ba wanda ya kore ni, shugaban ma ya yi mamaki. Na dawo Malbaza gidanmu, na gyara wani tsohon fili da taimakon matasan unguwa, yanzu ina horar da 'yan mata kusan ashirin. Duk wanda ya kira ni a kan wata yarinya, ba na amsa masa komai. Ina ba shi lambar iyayenta, in kira yarinyar in faɗa mata a gaban ƙawayenta, don kada zuciyata ta sake samun wurin ɓuya. Biyu daga cikinsu sun tafi, ɗaya ma ana saura sati ɗaya mu buga wasa mai muhimmanci, kuma an cinye mu. Na ji zafin cin, ba zan yi ƙarya ba, amma na ci tuwona na ƙoshi a ranar. Ita kuwa yarinyar ba ta sake taɓa ƙwallo ba. Ta gama karatunta, tana aiki, ta yi aure, sun shirya da mahaifinta. Na taɓa aika mata ko za ta zo ta nuna wa yarana yadda ake jifa da hagu, ta aiko da godiya ta ce aiki ya yi mata yawa.

Abin da na koya shi ne, ban faɗa cikin wannan laifi don ina ƙinta ba. Na faɗa ne don na kasa yarda cewa lokacina ya wuce, na yi ta neman hanyar komawa inda aka taɓa tafa mini, har na taka wadda aka ba ni amana. Kuma na yi zaton ƙaryar za ta tsaya tsakanina da ƙawata a salula, ban san za ta bi yarinya har cikin gidansu ta zauna tsakaninta da ubanta ba.

Don haka ina kira ga masu horar da yara, da malaman lakwal, da masu koyar da sana'a, da duk wanda aka damƙa wa ɗan wani. In dama ta zo wa yaron da ke hannunka, tasa ce, isar masa da ita a ranar, ko da tafiyarsa za ta rushe maka shiri. In kana so ya zauna, roƙe shi a fili, ka bar shi ya zaɓa. Kada ka taɓa cewa iyaye sun ce, alhali ba su ce ba, don yaranmu ba sa iya tambayar iyayensu, sai dai su haɗiye su yi ta ciwo. Ku kuma iyaye, in kun ga ɗanku ya sauya muku fuska ba dalili, ku zaunar da shi ku tambaya, kada ku jira shekara biyu. 'Yan wasan da suka ajiye takalmi kamar ni, ku nemi wanda za ku faɗa wa abin da ke cin ranku kafin ku karɓi yaran mutane.

Ni dai ta yafe mini, ta faɗa da bakinta a gaban mahaifinta, kuma na yarda har zuciyarta ne. Amma in muka haɗu a kasuwa, sai ta tsaya ta ce ina wuni, ta tambayi mutanen gida kamar yadda za ta tambayi kowa, ta wuce. Ku taya ni addu'a.